Kaya Masu Suna: Me Ake Saye da Ƙarin Kuɗin? Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Sayayya a Kano

Daga Kantin Kwari zuwa Farm Centre, ciniki ɗaya ake ta maimaitawa. Kaya biyu ne a kan kanta, ido bai cika rarrabe su ba, amma ɗaya ya ninka ɗan'uwansa sau biyar ko goma saboda sunan da ke jikinsa. Mai shago ya ce, "Hajiya, ki ƙara ki ɗauki mai kyau, arha ba ta ado." Wani lokacin gaskiya ya faɗa, wani lokacin kuma ciniki yake yi. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan wannan batu.

Me ya sa mai suna yake tsada haka, alhali aikinsu ɗaya da maras suna?

Ƙarin kuɗin da ka biya kashi uku yake rabuwa. Akwai na kayan haɗi da aiki: auduga mai kyau, ƙarfe mai kauri, ɗinki mai ƙarko. Akwai na tabbaci, wato sanin cewa wanda ka saya bana daidai yake da na bara, kuma idan ya lalace akwai inda za ka kai kuka. Sai kuma na sunan kansa: talla, hayar shago a unguwar masu kuɗi, da jin daɗin da mai shi zai yi idan an gane abin da ya saka.

Yadda kason nan uku yake rabuwa shi ne dukkan maganar, kuma ya bambanta daga kaya zuwa kaya. A batirin sola, mafi yawan ƙarin na kayan haɗi ne. A jakar hannu ta Faransa kuwa suna ne ya cinye. Kamfanin LVMH, mai Louis Vuitton da Dior, a cikin kowane Yuro 100 da ya shigo masa a 2023, abin da ya kashe wajen yin kayan kansu bai kai 35 ba. Sauran ya tafi ga talla, shaguna, ma'aikata da riba. A 2018 aka gano cewa Burberry ta Ingila ta ƙone kayan da ba ta sayar ba na sama da Fam miliyan 28 a shekara ɗaya, don kada su faɗo kasuwa da arha sunan ya zube. Sai da aka yi mata ca sannan ta daina.

Mu kuma nan akwai kashi na huɗu: Dala. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan bai ƙara kyau ba, kuɗinmu ne ya rage ƙarfi.

Shaddar Getzner ta cancanci kuɗinta, ko suna ne kawai?

Nan ba suna ba ne kawai. Getzner masaƙa ce a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, tun 1818 take aiki. Zarenta na auduga ne mai dogon gashi, siriri ƙwarai, kuma zanen da kake gani a jikin shaddar saƙa shi aka yi, ba buga shi aka yi a kai ba. Bayan saƙar sai a bi da ita ta cikin na'urori masu zafi da nauyi su danne ta, daga nan sheƙin yake fitowa. Shi ya sa ta gaske ba ta riƙe zafi a jiki ko a watan Afrilu, kuma ko maiƙonta ya ragu bayan wanki, 'yan bugu suna iya dawo mata da hasken. Mai haɗin roba kuwa ranar farko ta fi kowa ƙyalli, wanki uku sai ta koɗe ta saki jiki, ta koma kamar labule.

To amma cancanta ta dogara da sau nawa za ka saka. A ɗauki misali, ba farashin kasuwa ba: mutum ya ɗinka shadda ta dubu ɗari uku, ya saka ta Juma'a da ɗaurin aure sau sittin cikin shekara uku. Kowace sakawa ta tashi masa dubu biyar. Wani ya ɗinka ta dubu sittin, sau goma ya saka ta mutu. Tasa ta tashi dubu shida, ga kuɗin tela da zai sake biya. Na farkon ya fi riba. Sai dai lissafin yana rushewa idan mai Getzner ɗin irin mutanen nan ne da ba sa maimaita kaya a gaban jama'a ɗaya. Wanda zai saka sau huɗu ya rataye, ƙarkon da ya biya wa kuɗi ba shi zai more shi ba, ƙanensa ne ko direbansa.

Kada kuma a manta da tela. Shaddar dubu ɗari uku a hannun telan da ya kwana yana ɗinkin daren Sallah asara ce da ba a mayarwa.

Atamfar Holan da Super fa? Ai ta Sin ma yanzu tana da kyau.

Tana da kyau, babu musu. Hitarget da ire-irenta sun kai matsayin da mace za ta saka ta fita ba a ce komai ba, kuma su ne suka riƙe yawancin cinikin Kwari tun bayan da masaƙun Kaduna da na Kano suka durƙushe.

Abin da Vlisco, kamfanin da ke yin atamfar Holan, ke sayarwa daban ne. A garin Helmond na Holan take tun 1846, kuma ita ta fito da Super a 1973. Ana buga zanen da wani irin danƙo a fuska biyu na yadin kafin a tsoma shi a rini, shi ya sa ciki da baya launinsu ɗaya. Ƙananan tsage-tsage da ɗigo-ɗigon nan da ke jikinta ba sa maimaituwa daidai daga yadi zuwa yadi. A kwafi kuwa hoton tsagen aka ɗauka aka buga, don haka idan ka ware turmin za ka ga ɗigo ɗaya yana dawowa a wuri ɗaya. Ta Kodebuwa, wato Uniwax, a Abijan ake yin ta, kuma ta fi sauƙin kuɗi.

Ra'ayina: turmi ɗaya ko biyu na gaske ga macen da ke adana kaya, ya cancanta, har 'yarta na iya gada. Amma a zuba Super a anko, wanda za a saka yini ɗaya a ɗauki hoto, wannan wahalar da ƙawaye ne kawai.

Zan haɗa lefe. Dole ne sai da Super da leshin Suwizalan?

Ba dole ba ne a shari'a. Sadaki ne wajibi, lefe al'ada ce. Amma duk wanda ya taɓa zama inda ake buɗe akwati ya san me ya sa angwaye ke shiga bashi. Gwaggon amarya ce za ta zauna a tsakiyar tabarma, ta ɗago turmi, ta juya gefensa ta karanta rubutun, ta murza shi a tsakanin yatsu, ta miƙa wa ta kusa da ita ba tare da ta ce uffan ba. Ana ƙirga Super nawa, Holan nawa, leshi nawa, kafin magariba labari ya zaga dangi. A wannan zaman ba yadi ake aunawa ba, ango ake aunawa da gidansu.

Tunda haka ne, dabara ta fi yawan kuɗi amfani. 'Yan kaɗan na gaske a sama, sauran masu matsakaicin kuɗi waɗanda amarya za ta saka yau da gobe, ya fi a cika akwati shida da jabu. Tsofaffin nan hannunsu ya san yadi, kuma kunyar a kama ka da jabu ta fi ta a ce kayan ba su da yawa. Mafi sauƙi duka, iyaye mata na ɓangaren biyu su yi magana tun kafin a shiga kasuwa. Gidaje da yawa yanzu suna karɓar kuɗi amarya ta zaɓa da kanta.

Ni don inganci nake saye, ba don mutane su gani ba. Ko yaudarar kaina nake yi?

Wataƙila rabi da rabi, kuma ba kai kaɗai ba ne. Tun 1899 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Thorstein Veblen, ya bayyana cewa akwai kayan da tsadarsu ita ce amfaninsu: ana sayensu don a nuna ana iyawa, idan suka yi arha sai masu su guje su. Agogo ya isa shaida. Rolex tana alfahari da cewa agogonta ba ya kuskuren da ya wuce daƙiƙa biyu a yini, wato kamar minti ɗaya a wata. Ƙaramin Casio na roba mai batir, irin wanda ɗalibai ke ɗaurawa, kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba. Mai Rolex ba lokaci ya saya ba.

Akwai kuma abin da farashi ke yi wa ƙwaƙwalwa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008, an ba mutane ƙwayar da babu magani a cikinta aka ce ta rage zafi ce. Waɗanda aka gaya wa kuɗinta Dala biyu da rabi, kashi 85 cikin ɗari suka ce zafin ya ragu. Waɗanda aka ce musu an karya ta zuwa santi 10, kashi 61 ne kawai.

Ban ce neman mutunci a idon jama'a wauta ba ce. A Kano shiga tana buɗe ƙofa. Ɗan kasuwar da zai je karɓar kaya bashi, ko mai neman aure, ya san ana duba hularsa da takalminsa kafin a saurari bakinsa. Idan abin da kake saye ke nan, ka san shi kake saye, ka yi masa kasafi daidai aljihunka. Gwaji mai sauƙi: da a ce za a cire tambarin, babu wanda zai taɓa sani, za ka biya wannan kuɗin?

iPhone ko Tecno?

Tecno, Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a Sin, kuma shi ke sayar da kusan rabin manyan wayoyin da ake saye a Afirka. Bai kai nan da sa'a ba. Ya yi wayoyi masu layi biyu, batir mai jure rashin wuta, da kyamarar da ke fito da baƙar fata yadda take. Gyaransu kuma ko'ina a Farm Centre da titin Beirut akwai kayan.

Abin da iPhone da manyan Samsung suka fi su da shi tsawon rai ne. iPhone XR ta fito a 2018, kuma ta samu sabuwar manhajar 2024. Samsung ta yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa tun daga Galaxy S24. Suna kuma riƙe daraja idan za a sayar ko a yi musaya. Mai sana'ar hoto da bidiyo, ko mai tallan kaya a Instagram, kyamarar jarinsa ce. Wanda kuwa WhatsApp, kira da tura kuɗi ne aikinsa, ƙarin kuɗin na kece raini ne, ya sani ko bai sani ba. A tambayi kuɗin canjin gilashin kafin a saya. Amsar kaɗai ta sa mutane da yawa sun fasa.

Panadol ya fi farasitamol na gida aiki?

A'a. Abin da ke cikin Panadol na yau da kullum farasitamol ne mai nauyin miligiram 500, daidai da na Emzor da sauran kamfanonin da ke da rajista. Panadol Extra ne aka ƙara wa sinadarin kafin, irin na gahawa. A magani, abin dubawa lambar NAFDAC ce, da ranar lalacewa, da inda ka saya. Wasu magungunan, musamman na zazzaɓin cizon sauro, suna da wurin kankarewa a tura lambar ta saƙon waya a tabbatar, tsarin da aka fara tun 2010. Magani mai babban suna da ya sha rana a kan tire a tasha bai kai maras suna da ke cikin kantin magani mai rajista ba. Wanda likita ya ɗora a kan maganin farfaɗiya ko makamancinsa kuwa, kada ya sauya kamfani sai ya tambaya.

Madara kuma labarinta daban, don a nan kayan ne suka bambanta. Peak ta gari mai cikakken mai, man nonon saniya ne a cikinta. Cowbell, wadda ta shigo Najeriya a 1993 da ƙananan ƙulli, man tsirrai aka sa a madadinsa, abin da ya sa ta yi arha kuma take jure ajiya. Karanta bayan gwangwani ya fi kallon talla.

A ina ne neman arha yake da haɗari?

Duk inda lalacewar abu za ta jawo gobara, haɗari ko asarar abin da ya fi shi tsada. Wayar wutar gida, cajar waya, kan tukunyar gas da tiyonta, birki, man inji, taya. Wayar wuta ta jabu jan ƙarfenta siriri ne, ko kuma wani ƙarfen aka shafa wa ja. Tana zafi a cikin bango ba mai gani. Abin sha'awa, a wannan fannin masu aikin wuta da yawa sun fi yarda da ta gida, irin su Coleman da Cutix, a kan ta waje maras asali.

Taya kuma suna ba ya hana ta tsufa. A gefenta akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗi a kan wadda ta wuce shekara huɗu. Sabuwa mai matsakaicin suna ta fi Michelin 'yar Kwatano da ta shekara takwas, balle a kan titin Zariya da zafin rana.

Lexus ba Toyota ba ce?

Ita ce. Toyota ta ƙirƙiro sunan a 1989 don masu kuɗin Amurka, kuma Lexus ES da Camry dangin juna ne a inji da ƙashi. Kujeru, shiru a ciki da tambari ka ƙara wa kuɗi. Alherin shi ne bakaniken Toyota zai iya da ita, kuma Ƙofar Ruwa ba ta rasa kayanta. Tsohuwar Marsandi ko BMW kuwa sayenta ne mai sauƙi.

Yaya zan gane na gaske, tunda har tambarin ake kwafa?

Wannan ita ce babbar matsalar mai saye a Kano, ta fi ta tsadar kanta: ka biya kuɗin gangariya a ba ka kwafi. Kwali, sitika, hatimin zinariya, duk ana bugawa.

A yadi akwai gwajin da ba ya ƙarya. Ka roƙi zare ɗaya daga bakin yadin, ka fita waje ka kusanta masa ashana. Auduga za ta ci da wuta ta bar toka mai laushi da warin takarda. Mai roba zai nannaɗe ya narke, ya bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri. A Vlisco, lambar zanen da ke kan takardar da aka manna ta yi daidai da wadda ke gefen yadin. A waya, lambar IMEI da ke kan kwali ta dace da wadda za ta fito idan ka danna *#06#.

Duk da haka, a kasuwarmu sunan mai shago ya fi sunan kamfani nauyi. Akwai 'yan Kwari da za ka ce, "Alhaji, don Allah wannan ta Ostiriya ce?" ya ce, "A'a ranka ya daɗe, wannan ta Sin ce mai daraja ta ɗaya, ga ta gasken can, ga kuɗin kowacce." Irin wannan ake riƙewa, ko da ya fi maƙwabcinsa tsada da 'yan dubbai. A karɓi rasit da aka rubuta sunan kayan ƙarara, a yi sharaɗin mayarwa kafin tela ya sa almakashi. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kowa kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Addini ya hana sayen kaya masu tsada?

Bai hana ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito, da Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani ya ce mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Sai ya amsa cewa Allah Mai kyau ne, Yana son kyau. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Abin da aka hana shi ne almubazzaranci, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf aya ta 31 da Suratul Isra'i aya ta 26 da 27, sai kuma alharini da zinariya ga maza. Shaddar da attajiri zai saya ba ta taɓa haƙƙin kowa ba, ita ce ma'aikaci zai saya kuɗin makarantar yara ya tsaya. Hukuncin wani yanayi na musamman, a tambayi malamai.

Mu ba mu da namu masu sunan ne?

Muna da su tun kafin a san Getzner a nan. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana kai tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano har Tambutu da Tarabulus. Baƙin rawanin Kura mai sheƙi, Buzaye har yau suna biyan kuɗi mai yawa a kansa. Fatar jar akuya da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa take, ta Maroko kawai ta bi. Yanzu ma majemun Challawa da Sharaɗa suna tura fata Italiya da Sifen, ta dawo mana a takalmi da tambarin wani.

Hula ma haka: Zanna Bukar ɗinkin hannu, wadda aka yi makonni ana yi, kowa ya san ba sa'ar ta inji ba ce, kuma babu wani kamfani a bayanta. Takalmin da ƙwararren baduku ya yi maka da fata ta gaske sau da yawa ya fi na kanti mai sunan Italiya da aka yi da roba a Sin. Inda namu ke faɗuwa shi ne kashi na biyun nan, tabbaci: na yau ya yi kyau, na wata mai zuwa yaron shago ne ya ɗinka.

An ce kaya masu suna jari ne, ana iya sayarwa a mayar da kuɗi. Haka ne?

Kaɗan ne suke haka. Shadda da an yanka ta kuɗinta ya faɗi. Turare da an buɗe shi ke nan. Turmin Super da ba a taɓa ba dillaliya za ta karɓa, amma ƙasa da na kasuwa, ta kuma cire la'adarta. Waya da mota suna raguwa kowace shekara, illa dai faɗuwar Naira kan sa mutum ya ga kamar ya ci riba, alhali kuɗin ba zai sayo masa irinta sabuwa ba.

Gwal ne ya fi kusa da jari, shi ma ba don sunan shagon Dubai ko na Makka ba. Mai saye awo zai ɗora, ya duba ko mai lamba 18 ne, mai kashi 75 cikin ɗari na zinariya, ko 21, mai kashi 87 da rabi. Kuɗin aikin da aka biya saboda kyan ƙira ba ya dawowa, duwatsun da ke jiki kuma cire nauyinsu ake yi. Wadda ke saye don ajiya ta zaɓi mai sauƙin ƙira maras duwatsu, ta sa a rubuta mata giram da lambar a rasit, ta adana shi tare da sarƙar.